A Wuyan Wa Fayil Yake?

Masu tarihin alƙalan Masar sun kawo cewa a zamanin Mu'awiya an yi wani alƙali a can mai suna Sulaimu ɗan Itru. Wasu magada suka kawo masa rigimar gado, ya saurare su, ya raba, suka watse. Ba a daɗe ba sai ga su sun dawo, kowa yana musun abin da aka yanke, kamar ba a taɓa zama ba. Ya sake yanke hukuncin, amma wannan karon sai ya rubuta shi, ya kuma kira dattawa daga cikin shugabannin runduna suka shaida rubutun. Shi ake ambata a matsayin alƙalin farko a Masar da ya ajiye hukuncinsa a rubuce. Abin lura shi ne Sulaimu bai ga tawada da takarda sun wadatar ba, sai da ya jingina su ga mutanen da aka san sunansu, waɗanda za a iya kira gobe a tambaya. Da wannan nake so in auna maganar da ke tafe ga kotunanmu, ta sauke fayil daga kan kanta a zuba shi cikin kwamfuta. A ganina addini bai damu da abin da aka yi rubutu a kansa ba. Abin da yake tambaya biyu ne, kuma haɗe suke: rubutun da aka yi da sunan mutum a wuyan wa yake, kuma shi mai sunan ya ji abin da aka rubuta?

Maganar ba ta da nisa kamar yadda wasu ke zato. Tun 2012, zamanin da Mai Shari'a Dahiru Musdapher yake Alƙalin Alƙalan Nijeriya, ɓangaren shari'a ya fitar da manufarsa ta amfani da fasahar sadarwa a kotuna. Legas tana cikin waɗanda suka fara karɓar takardun ƙara ta intanet. A watan Afrilun 2020, lokacin kullen korona, Babbar Kotun Jihar Borno ƙarƙashin Mai Shari'a Kashim Zannah ta yi zama ta bidiyo, kuma a watan Yulin shekarar Kotun Ƙoli ta bayyana cewa irin wannan zama bai saɓa wa tsarin mulki ba. A Yunin 2023 aka gyara Dokar Shaida ta 2011, aka buɗe ƙofa ga sa hannu ta na'ura da rantsuwar kotu daga nesa. Abin da ya fara daga sama kuwa saukowa yake yi. Mun ga yadda BVN da NIN suka sauko har suka tarar da tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba. Ko ba daɗe ko ba jima, mai rigimar gona a Dogon Daji, da matar da ke neman ciyarwar 'ya'yanta a Sanyinna ko Kuchi, a yankin Tambuwal da Kebbe na Jihar Sakkwato, za a ce musu sai ƙararsu ta shiga na'ura kafin alƙali ya gan ta. Gara a yi tunanin tun yanzu, kafin ɗan kwangila ya sauke kwalaye a ƙofar kotu.

Wanda ya karanta babin alƙalanci a littattafan fiƙihu zai ga malamai ba su taɓa sakin jiki da takarda ba. Dalilinsu a fili yake: hannun wani kan yi kama da na wani, hatimi kuma ana iya sassaƙa irinsa. Imam Buhari ya kawo cewa da farko alƙali kan karɓi wasiƙar ɗan'uwansa alƙali in ya gane hatimin, har Ibn Abi Laila da Sawwar ɗan Abdullahi suka fara neman shaidu a kanta. Mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita daga Muhtasar na Halil da Tuhufa ta Ibn Asim, ta fi wasu sassauci a nan, tunda ta yarda a yi shaida a kan rubutun hannun mamaci ko na wanda ya yi nisa. Amma ko a nan ɗin, abin da alƙali ke karɓa shi ne maganar adilan da suka ce sun san hannun nan, sun kuma ɗauki alhakin faɗar haka. Ashe duk tsawon ƙarnonin nan aikin takarda tunatarwa ne, amana kuwa tana wuyan ɗan Adam. Wanda ya ce rabuwa da takarda rabuwa ce da tafarkin magabata ya ba takarda matsayin da Halil da Ibn Asim ba su ba ta ba.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma duk tsawonta ba ta tsaya kan abin da za a yi rubutun a kai ba, alhali mutanen lokacin a fata da ƙashi da reshen dabino suke rubutu. Inda ta tsaya shi ne kan mutane. Ta ɗora wa marubuci adalci, ta hana shi ƙin rubutawa. Ta sa shifta a bakin wanda bashin ke kansa, wato wanda ya fi rauni a cikin masu ƙulla maganar, ba a bakin mai kuɗi ba. In kuwa ba shi da wayo, ko rarrauna ne, ko ba zai iya shiftar ba, waliyyinsa ne zai tsaya masa, shi ma bisa adalci. Sannan ta kawo shaidu, ta kuma hana a cutar da marubuci ko mai shaida. Wannan cikakken tsari ne na ajiye bayani, kuma kowane ginshiƙi a cikinsa mutum ne mai suna. Ya kamata a daɗe ana duban maganar shiftar nan, domin ita ce tsarin na'ura zai fi saurin rusawa ba tare da kowa ya yi niyya ba.

Kafin a kai nan, sai an yi wa takarda adalci, adalcin kuwa ba zai yi mata daɗi ba. Ajiye littafin shari'a a siffar da muka sani ya kafu ne bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, lokacin da aka wajabta wa alƙalai rubuta ƙararraki a rajista don jami'in mulki ya riƙa dubawa. Kotunan En'e suka zama kotunan yanki a ƙarshen shekarun 1960, suka zama kotunan shari'ar Musulunci a Jihar Sakkwato a 2000, amma ɗakin magatakarda bai sauya kama ba. Duk wanda shari'a ta taɓa kaiwa irin wannan ɗaki ya san shi: fayil-fayil ɗaure da kirtani an jibge su har saman kabad, na ƙasa gara ta yi gini a cikinsu, na kusa da taga ɗigar damina ta narkar da tawadarsu, shafin da aka manna rasit ya ɓalle ya bar tabon gam. Daga nan ake jin kalmomin da suka tsufar da mutane da yawa: ba a ga fayil ba, a dawo mako mai zuwa, kwafin shari'a bai fito ba. Wani lokaci ɓatan na gaskiya ne. Wani lokaci kuma fayil yana nan ƙalau, na goro yake jira kafin ya bayyana, ko kuma an riga an ba da na goro don kada ya bayyana.

Mutumin Dogon Daji da ya ɗaukaka ƙara har ta kai Sakkwato shi ya fi kowa sanin farashin wannan. Zai bar gona ranar da bai kamata ya bari ba, ya biya kuɗin mota ta Shagari da Boɗinga, ya isa ya tarar takardun ƙasa ba su iso ba, ya juyo. In abokin shari'arsa mai hali ne, jinkirin ma makami ne a hannunsa, don ya san wanda zai fara gajiya. Ga kuma asarar da ke zuwa dare ɗaya. A Oktoban 2020 aka ƙona Babbar Kotun Igbosere a Legas, takardun shari'o'i masu yawa suka salwanta. A Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, aka fasa Babbar Kotun Jihar Kano aka yi awon gaba da takardu. Duk fayil ɗin da ya tafi haka, haƙƙin wani ne ya tafi, maraya ko bazawara ko wanda ke tsare yana jiran shari'a. Tsare dukiya da mutunci suna cikin manufofin shari'a, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. In har akwai hanyar da kwafin hukunci zai zauna a wuri uku lokaci guda, ya isa Sakkwato kafin mai ƙara ya fita daga harabar kotu, to mai cewa a ci gaba da kirtani shi ne ke bukatar kawo hujja.

Har ma ina ganin akwai inda na'ura ta fi takarda kusa da abin da malaman fiƙihu suke nema. Takarda ba ta faɗin wanda ya taɓa ta. A zare shafi a maye da wani, a mayar da kwanan wata baya, ba wanda zai sani sai in hannun ya bambanta. Tsarin kwamfuta da aka gina da kyau kuwa yana rubuta sunan duk wanda ya buɗe fayil, da sa'ar da ya buɗe, da abin da ya sauya, kuma ba ya barin a goge wannan sawu. Wannan shi ne burin Ibn Abi Laila: kada rubutu ya zo shi kaɗai ba tare da mai ɗaukar nauyinsa ba. Sai dai sharaɗin yana da saurin karyewa. Ranar da magatakarda ya ba masinja lambar sirrinsa don zai je jana'iza, masinja ya ba ɗan bautar ƙasa don shi ya fi saurin bugawa, sawun ya zama ƙarya mai kwanan wata da minti. Irin wannan ƙarya ta fi shafin da aka zare haɗari, domin tana zuwa da kamannin tabbas.

A nan ne masu ɗari-ɗari da na'ura suke da gaskiyar da bai kamata a raina ba. In suka ce bidi'a ce, amsar mai sauƙi ce: wannan babin mu'amala ne da hanyoyin aiki, asalinsa halacci, kuma tun 1990 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta halatta ƙulla ciniki ta kayan sadarwar zamani, ta keɓe ɗaurin aure saboda sharaɗin shaidu da wasu nau'o'in ciniki da ke bukatar karɓa hannu da hannu. Saudiyya ma ta daɗe tana karɓar ƙararraki ta manhajar Najiz. Amma in suka ce kwamfuta ba adili ba ce, ba a yi mata tazkiya, ba ta rantsuwa, ba ta tsoron Allah, to sun faɗi abin da wata ƙasa mai arzikin injiniyoyi ta koya da kuka. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da rassan gidan waya sama da 900 a Birtaniya bisa zargin sata ko cuwa-cuwar lissafi, saboda manhajar Horizon ta nuna giɓi a asusunsu. An ɗaure wasu, wasu suka talauce, wasu suka kashe kansu. Daga baya ta tabbata manhajar ce ke da kurakurai, har majalisar dokoki ta yi doka a 2024 ta soke hukunce-hukuncen. Abin da ya share wa wannan zalunci hanya shi ne dokar Ingila ta daina neman a tabbatar da lafiyar kwamfuta kafin a karɓi bayaninta, ta koma ɗaukar cewa daidai take sai wanda ake tuhuma ya nuna akasi. Talaka kuwa ta ina zai shiga cikin injin da bai taɓa gani ba ya nuna inda ya karkace?

Sashe na 84 na Dokar Shaidar Nijeriya bai bi wannan hanya ba: yana neman a nuna cewa kwamfutar tana aiki yadda ya kamata, mutum mai alhakin kula da ita ya sa hannu a kan haka. Lauyoyi kan yi ƙorafin cewa wannan wahala ce, amma ni ina ganinsa ɗan'uwan shaida a kan rubutun hannu da Malikawa suka sani. Sai dai dokar da kanta ta ce ba ta ɗaure kotunan da ke hukunci da fiƙihu a shari'o'in da ba na laifi ba, kuma waɗannan su ne kotunan da mafi yawan mutanen Tambuwal da Kebbe suka sani. Ma'ana, ƙa'idar da za ta tsare su sai an rubuta ta a gida. Tsarin mulki ya ba Alƙalin Alƙalan kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ikon tsara ƙa'idojin kotunsa, majalisar jiha kuma tana da nata ikon. Yankin Tambuwal da Kebbe, wanda aka haifi Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a cikinsa a 1923, wanda kuma wakilinsa, lauya Aminu Waziri Tambuwal, ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, bai rasa waɗanda suka san yadda ake rubuta doka ba. Abin tsoro shi ne a bar wa mai haɗa manhaja ya yanke, cikin rashin sani, mas'alolin da malamai suka shafe ƙarnoni suna tattaunawa.

Mu koma ga shifta. A ƙananan kotunanmu ana shigar da ƙara da baki. Mace ta shigo da goyo, ta zauna, ta faɗi damuwarta da Hausar da take magana da ita a gida, magatakarda ya rubuta, a yanka sammaci. Bayan an ɗauki bayani a karanta mata, in ta yarda ta dangwala yatsa a tawada ta danna a ƙasan shafi. Duk da lalacewar da aka ambata, wannan ƙofa ce da babu irinta a manyan kotuna, kuma kusan hoton ayar bashi ce: mai rauni ya yi shifta, marubucin hukuma ya rubuta, a maimaita masa. Tsarin shigar da ƙara ta intanet kuwa, a inda aka fara shi, don lauya aka gina shi, mai ofis da kwamfuta da Turanci. In aka ɗauko shi yadda yake aka dasa a Dogon Daji, ba sai an yi duba ba kafin a san wanda zai zama marubuci. Yaron nan ne mai shago kusa da tasha, mai ƙaramin janareto da injin hoto, wanda ke cike wa ɗalibai fom ɗin JAMB yana kuma cire wa mutane kuɗi ta POS. Ba laifinsa ba ne, sana'a yake yi. Amma kotu ba ta san shi ba, bai yi rantsuwa ba, da yawan shafi ake biyansa, kuma fom ɗin da ke gabansa akwatuna ne da Turanci. Dattijo zai ce masa gonar nan mahaifinsa ya ba da ita aro, ko jingina ce aka yi shekaru talatin da suka wuce. Yaro zai duba akwatunan, bai ga aro ba, bai ga jingina ba, ya danna wanda ya fi kusa. Alhali a rigimar gona a ƙasar Hausa, bambancin aro da jingina da saye shi ne shari'ar gaba ɗaya.

Hadisin Ummu Salama ya nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana gargaɗin masu husuma cewa wani kan fi wani iya tsara hujja, hukunci ya bi abin da aka ji, amma hakan ba ya halatta wa mai nasara haƙƙin ɗan'uwansa. Wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa Al'ash'ari kuma ta wajabta wa alƙali daidaita masu shari'a a zama da fuska, don kada babba ya yi kwaɗayin a karkata gare shi, kada mai rauni ya ɗebe tsammani. A da, fifikon da ake tsoro na fasahar baki ne, alƙali mai basira kuma yana iya rage shi, tunda yana ganin mai in'ina a gabansa, ya ja shi da tambaya har ya fito da abin da ke cikinsa. Fifikon da na'ura ke kawowa yana aukuwa ne tun kafin a iso gaban alƙali, a inda idonsa ba ya kaiwa. Ga kuma maganar sabis da wuta. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga. Da a ce ƙofar kotu guda ce a lokacin, ta intanet, da an rufe kotu ke nan ga mutanen da suka fi kowa bukatarta, wa'adin ɗaukaka ƙara kuwa yana ta ƙirga kwanakinsa.

Abin da ke fita daga wannan ba ƙin na'ura ba ne. Kwamfuta ta zauna a teburin magatakarda, kada ta tsaya a bakin ƙofa. Mai ƙara ya ci gaba da zuwa da bakinsa. Ma'aikacin kotu da aka rantsar, mai shiga da sunansa shi kaɗai, ya buga abin da aka faɗa da Hausa, da wurin rubuta magana a sake ba akwatuna kawai ba. A karanta wa mai ita, a ɗauki muryar karatun da amsarsa a haɗa da fayil, wanda abu ne da takarda ba ta taɓa iyawa ba. A buga masa kwafi mai hatimi ya tafi da shi gida. Ranar da babu sabis a karɓi ƙara a rubuce, kwanan watan ya zama na ranar da mutum ya zo. Masu son sauyi cikin gaggawa za su ce wannan riƙe tsari biyu ne, ya ninka kuɗi, ya kuma bar magatakarda a tsakiya, alhali shi ake son a kauce wa. Za su kawo Ruwanda, wadda ta haɗa kotunanta a tsarin kwamfuta guda tun 2016. Amma ko a can, ƙasar da ba ta fi Jihar Sakkwato faɗi da wani abin kirki ba, sai da aka horar da masu shagunan intanet su riƙa shigar wa jama'a ƙara. Ba a kawar da mai shiga tsakani ba, wurin zamansa aka sauya. Tunda dole a samu marubuci, zaɓin yana tsakanin wanda doka ta sani, za ta iya tuhuma ta kora, da wanda ba ta sani ba. Cin hancin magatakarda kuwa maganinsa yana cikin na'urar kanta: fayil ɗin da ke da kwafi a Sakkwato ba ya ɓata don a ba da goro, kuɗin da aka biya ta banki kuma ba ya ninkuwa a baki.

Akwai wani mataki a shari'ar Malikiyya da nake jin tsoron manhaja za ta mayar wasa, wato izari. Kafin alƙali ya yanke hukunci wajibi ne ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko suka ga shaidu, kuma kotunan ɗaukaka ƙara sun sha rushe hukunci don rashin wannan tambaya kaɗai. A takarda, mai duba ƙara yana ganin tambayar da amsar da aka bayar. A manhajar da aka gina don sauri, izari zai iya zama ɗan akwatin da ake dannawa kafin shafi na gaba ya buɗe, kuma kowane fayil a jihar zai nuna an yi shi. Ƙididdiga za ta yi kyau ƙwarai, ba wanda zai iya gane kotun da aka tambayi mutum da wadda ba a tambaye shi ba. Haka ma sutura. Kaso mai yawa na aikin waɗannan kotuna aure ne da saki da kuli'i da nasabar yara, inda ake faɗin abin da ba a faɗa ko a tsakar gida. Zaman kotu a bainar jama'a ake yinsa, gaskiya ne, amma abin da aka ji a ɗaki guda ranar Talata daban yake da abin da za a lalubo da suna bayan shekara ashirin, lokacin da 'yar da aka yi rigima a kanta ta isa aure, a tura a WhatsApp. Ƙurar kabad tana suturta mutane ba da niyya ba. Na'ura sai an umarce ta. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 mafari ce, amma wanda zai iyakance mai ikon buɗe fayil ɗin iyali, da hukuncin wanda ya fitar da shi, ƙa'idar kotu ce.

Saura maganar daɗewa da mallaka, wadda ba a cika tadawa ranar yanke kirtanin buɗe sabon tsari ba. Rajistar majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas ta 1913 da 1914 tana nan da Larabcinta, masana sun karanta ta har sun fassara. Faifan kwamfutar da aka adana bayani a kai shekara ashirin da biyar da suka wuce kuwa, yau da wuya a sami injin da zai buɗe shi a kasuwa. Rigimar gado da ta iyakar gona sukan farka bayan jikoki sun girma, don haka hukuncin ƙasa da na gado ya cancanci kwafin takarda mai hatimi a ma'ajiya, ko da komai ya koma na'ura. Littattafan ladubban alƙalanci sun yi bayanin cewa in aka naɗa sabon alƙali, farkon aikinsa shi ne karɓar diwanin wanda ya gada, ya aika amintattu su karɓo takardun ɗaya bayan ɗaya suna tambaya a kan kowace, domin diwani na muƙamin ne, ba na mutumin da ya sauka ba. A sabon tsari diwanin yana zaune a wata na'ura mai nisa, sau da yawa a hannun kamfanin da ya ci kwangila, kuma injiniyan da ke riƙe da babban mabuɗi yana iya abin da ko Alƙalin Alƙalai ba zai iya ba. Kwangila tana ƙarewa, gwamnati tana sauyawa, kamfani yana rushewa ko ya riƙe bayanai har a biya shi bashinsa. Saboda haka takardar yarjejeniyar ita ma mas'alar fiƙihu ce. Dole ta faɗi cewa bayanan mallakar kotu ne, ta ambaci sunan jami'in kotun da ke riƙe da mabuɗin, ta sa injiniyoyin kamfani ƙarƙashin rantsuwa da tuhuma irin ta ma'aikatan kotu, ta kuma tsara yadda za a miƙa diwanin, a siffar da wata manhaja za ta iya karantawa, ranar da aka raba gari.